Ledar Sirdi

Daga bakin shagonsa a Tudun Wada, Nagoda tela yana kallon wani saurayi bisa sabon babur. Da gani ƙaramin akawu ne da ƙarin albashin Udoji ya hau wa kai. Hular kwano tana rataye a hannu, kada ta danne masa suma. Ledar sirdi ma bai cire ba. In ya cire, wa zai san sabo ne?

Daidai kantin dillalin babura ya ɗaga tayar gaba don 'yan kallo. Santsin leda ya kwashe shi, sai ga gwani cikin kwata, haɓa tana jini.

Dillali ya rugo, ya tsallake shi, ya tada babur.

"Jama'a, kun ga ƙarfe! Ko kwarzane babu. Saura uku!"