Ranar da Aka Buɗe Kabad ɗin Fiziks

A shekarun da kuɗin mai ya yawaita, ko'ina ka duba a Abuja gini ake yi, gwamnati ta aiko wa makarantarmu ta Lugbe kayan gwajin fiziks mota guda. Shugaban makarantar ya sa aka jera su a kabad mai gilashi a ɗakin gwaji, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Wai yara ɓarna gare su. Ba a buɗewa sai ranar da masu duba makarantu za su zo, a goge ƙura, a nuna musu, a mayar.

Ina ajin ƙarshe lokacin, kuma babu abin da ke ɗaure mana kai irin darasin lantarki. Malaminmu, wani siririn mutumin Filato mai sanyin murya, sai dai ya zana batir da waya a allo, alhali ga na gaske can muna hangowa ta gilashi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mu haddace, mu manta. Jarrabawar fita kuwa akwai ta aikin hannu, inda za a ajiye maka kayan a ce haɗa. Abin yana ƙona mini rai, don ni da ma ba haƙuri gare ni ba. Wata rana na ce masa, "Malam, kayan nan na ado ne?"

Ya ce, "'Yata, na roƙi oga har na gaji. Ni ma wannan topic, sai da hannuna ya taɓa waya kafin kaina ya gane."

Duk mun san aikinsa bai da gindi. Ba shi da kowa a sama, ga mata da yara ƙanana a ɗakin haya kusa da makaranta. Kalma ɗaya daga shugaban ta isa a cilla shi wani wuri.

Ranar da baƙi suka zo, aka buɗe kabad kamar yadda aka saba, aka ce mu zauna a aji shiru. Sai ga Malam a bakin ƙofa, ya ce mu biyo shi. Muka shiga ɗakin gwaji muka tarar da shugaban yana yi wa wata hajiya daga ma'aikatar ilimi bayani. Malam ya gaishe su, ya ce yanzu lokacin darasinsa ne, ya fara raba mana batir da waya. Shugaban ya yi dariyar yaƙe, ta ciki na ciki, don ba dama ya hana a gaban baƙi.

Ni aka miƙa wa na'urar awon lantarki mai allura. Na haɗa, allurar ta koma baya. Kunya ta kama ni. Malam bai karɓe ba, cewa ya yi in juya wayoyin. Na juya, allura ta tashi ta tsaya. Nan take abin da na sha wahalar haddacewa ya zauna mini: ashe da gaske lantarkin nan yana da inda yake shiga da inda yake fita. Hajiya ta yaba, ta ce a ci gaba da haka. Muka yi ta haɗawa muna kwancewa har aka tashi.

Kafin ƙarshen zangon aka mayar da Malam wata makarantar ƙauye can bayan Kwali. An ce canjin aiki ne irin na kowa. Iyalinsa ya bari a Lugbe, don babu inda zai ajiye su a can. Na yi kuka, na kuma yi fushin da har yau bai gama hucewa ba.

Ranar jarrabawa da yawanmu muka haɗa kayan ba gargada. Da allurata ta tsaya inda ya kamata, na ɗaga kai da sauri in nuna wa Malam, sai na ga wani baƙon malami yana duba agogo.