Ina Ɓeran?

Ƙawata ba ta yi boko ba. Ni na yi har sakandare, kuma Allah ya sani na ɗauki abin nan da girma fiye da ƙima. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, a wani ƙauye da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Innarta turara shinkafa take yi, ita kuma shanya ce aikinta. Ta baza a kan tamfol, ta zauna da kara a hannu tana korar kaji da awaki har rana ta yi sanyi.

A wurin shanyar nan nake karanta mata littattafan soyayya da nake karɓowa haya a Kura. Shekarar da wayar salula ta fara shigowa ƙauyenmu na samo wani da ya tafi da hankalinmu gaba ɗaya. Labarin wasu ƙawaye biyu ne a Kano, ɗaya mai surutu ɗaya mai gilashi, da suka koyi kwamfuta, suka buɗe shagon buga takardu. Akwai wani saurayi da kullum sai ya dawo da wasiƙarsa wai an yi masa kuskure, alhali ɗaya daga cikinsu yake zuwa gani. Wayyo daɗi! Amma mu ba shi ne ya dame mu ba. Matan nan muke so, yadda suke faɗa da safe su ci abinci kwano ɗaya da rana.

"Ni ce mai surutun, ke ce mai gilashin," in ji ƙawata. "Wata rana sai mun buɗe namu a Kura."

Na ce mata in sha Allahu, a raina kuwa ina cewa ji wannan.

Ana nan na karanto inda mai gilashin ta kama maus. Ta tsayar da ni. "Mene ne kuma maus?"

"Ɓera ne da Turanci. Da shi ake juya kwamfuta."

Ta yi dariya har kaji suka samu damar cika cikinsu. Daga ranar duk inda kalmar ta fito, ɓera nake karanta mata don ta yi dariya. Ban taɓa gaya mata cewa ba mai kiransa haka ba.

Muna tsakiyar littafin babana ya sa ni a wata 'yar makarantar koyon kwamfuta a Kura, shago ɗaya da janareta a bakin ƙofa. Ƙawata ta yi ta roƙona in tafi da ita ko sau ɗaya ta gani da idonta. Yau in ce malam ba ya son baƙi, gobe in ce ba wurin zama. Gaskiyar magana kunyarta nake ji, don 'yan ajinmu yaran cikin gari ne masu jefa Turanci a zance.

Ran nan ta raka shinkafar Innarta injin casa, sai kawai ga ta ta yi sallama a ƙofar ajinmu. Hijabinta duk buntu, tana ƙaurin hayaƙi, fuskarta cike da murna. Ta durƙusa ta gaida malam, ta dubi kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, don Allah ina ɓeran?"

Aji ya fashe da dariya. Ta waiwayo tana nemana da ido, don ta san a bakina ta ji. Ni kuwa, kaicona, na fi kowa ɗaga murya a dariyar. Har na ƙara da cewa, "Malam, ka yi haƙuri, wata maƙwabciyarmu ce, ko bihim ba ta sani ba."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce ai ba ta yi kuskure ba, ma'anarsa ke nan, ya ɗauko ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Na gode, Malam, ana jirana a inji," ta fita.

Saura babi biyu a littafin. Na karance su ni kaɗai a ɗaki, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ji daɗinsu. Ƙawayen sun ɓata, sun shirya, an yi biki, shago ya bunƙasa. Na yi kuka a kansu, ban iya tsallaka katanga na ba tawa haƙuri ba. Girman kai ya riƙe ni kwana huɗu.

Rana ta biyar na same ta a wurin shanya, littafin a hannuna. Na zauna na ce, "Ke, ga ƙarshen na kawo miki."

Ba ta ɗago ba. Tana juya shinkafa ta ce, "A cikin littafin, mai gilashin ta taɓa ce wa ƙawarta wata maƙwabciyarmu?"

Na ce a'a.

"To mayar musu da kayansu. Ba labarinmu ba ne."

Ba ta yi gaba da ni ba, da ma ta yi da na ji sauƙi. Har yau in mun haɗu a biki ko suna takan riga ni gaisuwa, ta tambayi yara da aiki cikin ladabi. Sai dai tun daga ranar ba ta sake ce mini ke ba. Malama take kirana.