Tankin da ya ƙi numfashi

Ni maƙerin gwangwani ne tun ina saurayi. Fitila da mazurari da bokiti nake yi a rumfata, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege, inda ake loda huhunan goro zuwa arewa. Ban taɓa neman ƙarin aiki ba. Yayana ne ya jawo mini shi.

Lokacin yaƙi ya yi aikin share injuna a filin jirgin sama na Ikeja. Da aka sallame su sai ya dawo gida da cewa shi ma zai ƙera nasa jirgin saman. Shekara biyu yana abu ɗaya a bayan gidanmu: katako, yadin akoko da ya shafe da fenti, tayoyin keke, da injin wani tsohon babur. Farfelar ma da hannu ya sassaƙa. Tankin mai ne kawai ya bar mini, na yanka garwar kananzir biyu na liƙe da dalma, na sa masa marfi mai zare da ko ɗigo ba ya fita. Har ina alfahari da shi.

Ranar da muka fara tayar da injin, unguwa ta cika. Ya yi ruri kamar na minti biyar, ya yi tari, ya mutu. Yaya ya kwance kafireto ya wanke. Washegari haka. Ya canza fulogi, ya tace mai da ƙyalle, ya zargi mai sayar da fetur. Wata uku muna wannan, kullum bayan la'asar, ni da hannu duk ƙunar dalma, ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa. 'Yan kallo suka daina zuwa.

Wata rana injin ya mutu, na je duba mai. Ina murɗa marfin sai na ji ya ja iska, fiiit, gefen tankin da ya lotsa ya koma daidai.

Na ce, "Yaya, ka taɓa ganin mai kananzir ya huda garwa huji ɗaya?"

Ya dube ni.

"Biyu yake hudawa. Ɗaya mai ya fita, ɗaya iska ta shiga. Wannan tankin shaƙe shi na yi."

Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, huda."

Na huda marfin da ƙusa. Injin ya daina mutuwa, amma da ya fara jijjiga sai fetur ya riƙa tsartuwa ta hujin, daidai gaban inda mutum zai zauna. Na toshe, na samo siririn bututun jan ƙarfe wurin wani bakanike a Idumota, na lanƙwasa shi na liƙe a saman tanki, bakinsa na kallon baya don kada ruwan sama ya shiga. Iskar farfela ta riƙa zuƙo man tana fesa wa Yaya a fuska. Kwana biyu idonsa jajur. Na narke dalma, na juya bakin ya kalli gaba. A nan ya zauna lafiya.

Sai damina ta kankama, fili ya zama taɓo, muka rufe jirgin da tabarmi. Da ruwa ya ɗauke muka tayar, minti biyar ya mutu. Wallahi ranar na so in bar garin. Na zura waya a bututun, busasshiyar laka ta zubo. Zanzaro ne ya yi gida a ciki. Matar Yaya ta miƙo mini tsohuwar rariyarta, na yanki ragar na ɗaure a bakin bututun.

Mun gwada jirgin wata safiyar Lahadi a filin da mahauta ke hutar da shanun da aka sauke daga jirgin ƙasa. Mu huɗu muka turo shi, Yaya ya shiga ya tayar da injin. Jirgin ya ruga, wutsiya ta ɗaga, tayoyin suka bar ƙasa kamar tsayin gwiwa, na ga haske a ƙarƙashinsu da idona. Sannan ya dira da ƙarfi, tayar hagu ta nannaɗe, fiffike ya caki ƙasa ya karye. Injin kuwa yana ta ruri har sai da Yaya ya kashe shi da kansa.

Ya fito yana ɗingishi. Ya ce, "Aikinka dai ya yi."

Na ce, "Yaya, na gaji."

Ya ce, "Ni ma."

Muka ɗora shi a amalanke muka koma gida. Ya ce bayan Sallah zai gyara fiffiken, Sallah ta zo ta wuce. Daga baya ya sami aikin gyaran manyan motoci, yana fita da asuba. Ciwon gwiwar nan bai rabu da shi ba har ya tsufa, in hadari ya haɗu sai ya aiko a karɓar masa man zafi a wurina.