Wa Ya Kai wa Zakara Fitila?

In faɗi gaskiya tun farko, wawan labarin nan ni ne, da gemuna da komai. Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, amma a unguwarmu ta Château Rouge, nan ƙasar Turawa, ba mai kayar da ni a gardama. Da aka taso da zancen a bar agogon bazara, wanda ake turawa gaba da awa ɗaya, ya zauna shekara duka, a daina mayar da shi baya lokacin sanyi, na fi kowa ɗaga murya. Yamma za ta yi tsawo, hira ta yi daɗi. Da aka buɗe ƙuri'ar jin ra'ayi, har 'yata Zainabu na kira a garin Lyon, na sa ta danna mini "na yarda" a wayarta.

Malam Idi mahauci ne ya ɓata mini lissafi. Yana sara ƙashi ya ce, "Alhaji, ka san in abin ya tabbata, a Disamba sai wajen goma rana za ta fito?"

Jikata Hadiza shekararta bakwai, kuma ƙarfe takwas take fita lakwal.

Nan take na ji warin hayaƙin kara na ƙauyenmu, can ƙasar Damagaram. Kakata Iya Gambo kan tara mu gindin murhu bayan tuwo, ta rage murya har mu matso jikinta. Akwai tatsuniyarta ta wata mace mai son riga kowa gama aiki, don ta samu zaman hira da yamma. Sai ta kai fitila akurki tun dare bai ƙare ba. Zakara ya ga haske ya yi cara, gari ya tashi, aka tura yara rijiya.

"To, duhu da masu shi," in ji Iya, tana tona garwashi. "Ba su gama kiwonsu ba, aka turo musu yara."

Kowane yaro ya dawo, ban da 'yar matar. Tulunta kawai aka samu a bakin rijiya, cike da ruwa, an ma rufe shi da faifai.

Shekara sittin ina ɗauka tatsuniyar nan dabarar hana mu yawo ce. Yanzu in na rufe ido, Hadiza nake gani da jakarta a baya, tana tsallaka titi cikin hazo, motoci na wucewa ba su ganinta.

Na kira Zainabu. Na ba ta tatsuniyar kaf, na zagi masu taɓa agogo, na ce mutanen banza ne marasa jikoki.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Baba, wa ya ce in danna masa 'na yarda' don ya samu hirar yamma? Ni dai riƙe maka fitilar na yi. Kai ka kai ta akurki."