Zare Bakwai, Mutum Takwas

Ƙarfe bakwai saura kwata na yamma ne, ranar Laraba, cikin sanyi, a saman benenmu na unguwar Ƙiblatain a Madina. Mu huɗu ne: kakarmu da muke ce wa Iya, da ni mai shekara goma sha uku, da ƙanwata Hajara mai shekara shida, da Goggo Mairo tana fifita gawayi a kurfoti. An ɗora butar shayi, an zuba na'ana'a.

Iya tun tana budurwa ta taso daga Damagaram da ƙafa, ta ratsa Sudan, ta yi Hajji, ta zauna a Madina. Tatsuniyarta tana da doka biyu. Ta farko, ana yi ne tsakanin Magariba da Isha'i, da an kira salla sai a rufe baki. Ta biyu, labarin tsoro ba a barinsa a buɗe. In ta fara sai ta kai ƙarshe, ta nuna mana yadda aka yi da abin, sannan ta tsiyaye ragowar ruwan buta a kan garwashi mu ji ya ce cuu. Wannan ƙarar ita ce alamar an gama, kowa ya je ya kwanta lafiya. Kunnenta ya yi nauyi, don haka ni ta ɗora wa sauraron kiran salla. Na riƙe aikin sosai.

Ranar mun makara, domin Iya ta tsaya gaisawa da wata baƙuwa daga unguwar Al-Ranuna. Da Iya ta zauna sai ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce ga wata nan ta taho daga nesa, mu matsa mata wuri. Muka ce mun matsa, ta shigo.

Labarin wani ayari ne na mutum bakwai da suka bar gari ɗaya za su Makka. Sun san juna tun ƙuruciya. Bayan sun kwana a bakin wata tsohuwar rijiya, da safe madugu ya ƙirga ya samu takwas. Ya sake ƙirgawa, takwas. Ya duba fuskoki, babu baƙuwa, kowa ya san kowa, kowa yana iya faɗin sunan uban kowa. Amma ƙwarya bakwai ce, tabarma bakwai, kuma kullum sai wani ya kwana da yunwa. Matar madugu, mace mai dabara, ta warware zare daga bakin zanenta ta yanka bakwai. Da dare ta ɗaura ɗaya a hannunta, ta ɗaura wa mijinta, sannan ta bi sauran suna barci tana ɗaura wa duk wanda ta tuna ranar da aka yi sunansa ko aurensa. Zare ya ƙare, saura mutum ɗaya a kwance cikin duhu. Ta ce bari gari ya waye ta ga fuskarsa.

A nan Iya ta rage murya ta ce: "Gari ya waye, kowa ya ɗaga hannu. Zare bakwai cif, kowa da nasa. Ta duba hannunta, babu. Sai duk suka juyo suna kallonta."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Iya ba ta ji ba, bakinta a buɗe za ta ci gaba. Goggo Mairo ta ƙyafta mini ido in yi shiru. Na gani, amma na ce, "Iya, an kira salla."

Ta dube ni, ta dubi Hajara da ta ƙanƙame gwiwarta. Ta ce to, mai agogo ta yanke hukunci, gobe a ƙarasa. Ba ta zuba ruwa a garwashin ba. Goggo ce ta sauka da kurfotin yana ci.

Washegari da hantsi Iya ta faɗi a wajen alwala. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ta yi shekara biyu a haka kafin ta rasu. Hajara takan zauna gabanta ta tambaye ta wane ne na takwas, Iya ta motsa leɓe, ba abin da ke fita. Goggo Mairo a nan aka haife ta, ba ta taɓa jin labarin ba.

Tun daga lokacin Hajara ba ta taɓa shiga ɗaki ba tare da ta ƙirga mutane ba. A makaranta ta yi, a gidan biki ta yi, har 'ya'yanta uku takan ƙirga a mota sau biyu. Mijinta ya mai da abin wasa, yana ce mata shugabar ƙidaya. Ni ban taɓa yin dariyar ba.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne wani littafi. 'Yata Ruƙayya ta sayo shi, tarin gajerun labaran tsoro na wani marubuci da ta ce duk duniya ana rububin littattafansa, an mayar da shi Larabci. Na sa ta karanta mini, labari ɗaya kowace rana bayan La'asar, daga na farko har na ƙarshe, ko Allah zai sa in ji mai kama da na Iya. Babu. Kuma na lura yawancinsu a buɗe yake barinsu: an murɗa ƙofa, shi ke nan, sai farar takarda. Na ce wannan mutum bai gama aikinsa ba. Ruƙayya ta yi dariya ta ba ni amsa da Larabci, kamar yadda ta saba, wai da gangan yake yi don tsoron ya bi mai karatu har gado, kuma abin da mutane ke so ke nan. Na ce mata na san wadda tsoro ya bi shekara arba'in da wani abu, kuma ba ita ta nema ba.

Yanzu Hajara tana Yanbu, ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Makon jiya na je duba ta. Ta ƙirga mu da ido, sannan ta kama hannuna ta ce, "Yaya, har yanzu ba ki samo ba?" Ruƙayya ta ce in ƙirƙiro ƙarshen kawai in faɗa mata. Na gwada a zuciyata a hanyar dawowa, har kala uku. Duk ba su zauna ba, kuma Hajara ta san muryata in ina ƙarya.

Doka biyu Iya ta kafa. Na kiyaye ta farko, na sa aka karya ta biyu, kuma sai da na girma na gane ta biyun ce aka yi domin yara. Minti uku ne ya rage. Da na yi shiru, da ta ƙarasa tun ba a ko tayar da iƙama ba.

Don haka ga roƙona. Idan kana da tsohuwa daga Damagaram ko kewayenta, ka tambaye ta labarin ayarin bakwai da suka wayi gari takwas. In ta sani, ka rubuta ƙarshen yadda ta faɗa, kada ka gyara, ka ba duk mai zuwa Umara ya bar shi wajen mata masu sayar da dabino a Ƙiblatain, a ce na yayar Hajara ne. Ka yi da wuri. Ina da kurfoti, ina da buta, zan kai su Yanbu.