Nu'uman Ɗan Igiya

A tasharmu ta Suleja, inda muke lodin ma'aikatan Abuja tun da asuba, akwai mutanen da muke kira 'yan igiya. Sunan ya samo asali ne daga zaren nan da kamfani ke rataya wa ma'aikaci a wuya da katin shaida a jiki. Amma ba duk mai rataye da kati ne ɗan igiya ba. Ina ɗaukar wasu da ke cusa katin a aljihu da zarar sun fito daga ofis, su zauna a mota suna zagin oga har mu wuce Zuba. Waɗannan mutane ne masu neman abinci. Ɗan igiya shi ne wanda in oga ya ce rana ta faɗi da ƙarfe goma na safe, zai tashi ya kunna fitila.

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa wannan hanya, ban ga wanda sunan ya zauna wa kamar Nu'uman ba.

Mutumin Funtuwa ne. Bautar ƙasa ta kawo shi Abuja, wani kamfanin inshora ya riƙe shi, tsadar haya ta koro shi unguwar Kurmin Sarki a nan Suleja, gidan da ke jikin nawa. Yana aure ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Bilkisu, ta dawo wurinsa. Tsohuwa ce mai fara'a wadda ta yi shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli har ɗanta ya gama jami'a. Kullum za mu fita sai ta leƙo ta ce min, "Direba, ga amanata nan, a tafi a hankali."

Amanar tata kuwa ba ya cire katin nan ko masallaci za shi. Na gan shi da shi a wurin ɗaurin aure, a kan babbar riga. Lokacin da babban manajansu ya aske gemu, ba a yi kwana uku ba Nu'uman ya aske nasa. Da aka kawo wani manajan mai son wata ƙungiyar ƙwallo, ya bar wadda yake goyon baya tun yana sakandare. In wayarsa ta yi ƙara a mota, sai ya gyara zama ya miƙe wuya kamar mai kiran yana ganinsa. "Noted, ma. Yes, ma. Noted." Fasinjoji su yi ta ƙunshe dariya.

Wata rana maƙwabcinmu Romanus, mai shagon kayan wuta, ya tambaye shi, "Malam Nu'uman, dis your company, dem dey treat una well?"

Ya ce, "We are one family."

Romanus ya dube ni, na dubi titi. A satin ne kamfanin ya sallami mutum tara, kuma ni na kwaso biyu daga cikinsu da kwalayensu.

Duk wannan abin dariya ne a wurina, har ranar wata Talata a watan Afrilu.

Na sauke fasinja a Berger kenan, wajen sha ɗaya, sai ga kiran matarsa Muhsina tana kuka. Inna ta faɗi a tsakar gida, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ta kira mijinta ta faɗa masa, ya ce yana zuwa, amma har yanzu shiru. Liman ya ce za a yi jana'iza bayan azahar.

Ban yi lodi ba. Na juya motar babu kowa a ciki na nufi ofishinsu. Na same shi a hawa na uku, zaune a bakin wata ƙofar gilashi, idanunsa jajur, da takarda a hannu.

Na ce, "Allah ya jiƙan Inna. Taso mu tafi, mota na ƙasa."

Ya ce, "Amin. Ina jiran Madam ta sa hannu."

"Hannu a me?"

"Leave form. Policy ne, ba a barin ofis sai da approval."

Ta cikin gilashin ina hango Madam Olufunke, shugabar sashensu, da wasu manya da suka zo daga Legas, ana ta nuna zane a bango. Tsakaninsa da ita bai fi taku biyar ba.

Na ce, "To ƙwanƙwasa mana."

Ya zaro ido kamar na ce ya cinna wa ginin wuta. "Board meeting ne fa. Ba a interrupting."

"Nu'uman, uwarka ce ta mutu."

"Na sani, Yaya. Yanzu za su fito break."

Na yunƙura zan ƙwanƙwasa da kaina, ya riƙe min hannu da hannayensa biyu, yana roƙona kada in ɓata masa record. Wallahi hawayensa na zuba a kan katin. Ba zan ce ba ya son uwarsa ba. Yana son ta. Tsoron ƙofar nan ne ya fi ƙarfinsa, kuma abin da ya sa na raina shi kenan.

Na kira liman na roƙi arziki, ya ce za a jira zuwa la'asar, amma ba za a wuce haka ba, ga zafin da ake yi. Break ɗin bai zo ba, abinci ma ciki aka shigar musu. Ƙarfe biyu da rabi na ce masa zan tafi. Ya ce in yi gaba, yana bayana.

Mu muka sallaci Inna. 'Yan unguwa suka ɗauki makara, ni da ƙanin Muhsina muka shiga kabarin muka karɓe ta. Romanus, da ba addininsa ba, ya rufe shago ya biyo mu, ya tsaya a bakin maƙabarta da hula a hannu har aka gama. Mutane na ta waige suna tambayar ina ɗanta. Na ce yana hanya, don kunya ta hana ni faɗin gaskiya.

Washegari Madam Olufunke ta zo gaisuwa da kanta. A gaban jama'a ta ce masa, "Nu'uman, why you no knock? Na your mama! Who for stop you?" Ranta a ɓace yake sosai. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Noted, ma." Tun daga ranar, in sabon direba ya tambayi me ake nufi da ɗan igiya, ba a yi masa dogon bayani, labarin Nu'uman ake ba shi.

Amma ni ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. A ranar jana'izar, wajen shida da rabi, ya sauka daga acaba da takardarsa mai ɗauke da sa hannu, an ba shi hutun kwana uku. Ya ce in raka shi maƙabarta kafin magariba. Muka tafi.

Mutum uku aka binne a ranar, kaburburan a jere, ƙasarsu duk ɗanya. Ya tsaya yana duban wannan, yana duban wancan, katin na lilo a ƙirjinsa. Can ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wanne ne nata?"