Ƙarfen Gurzar Gizagizai

Ranar da aka kawo mini sandunan ƙarfen da Yaya Sale ya sassaƙa domin in auna, Iya ce ta faɗo mini a rai. Aikina ke nan a wata masana'anta a Kano inda ake haɗa injin ban-ruwa: in duba ko sandar da ke juyawa a cikin injin ta zagaye daidai. Yaya Sale wana ne ciki ɗaya, shi ya riƙe ni har na gama makaranta, kuma tun ina firamare yake kan injin sassaƙa. Sandunansa ba su yi ba. Ga shi an fara ƙus-ƙus cewa ƙarfinsa ya ja baya, dalilin sallamarsa kawai ake jira.

Iya kakarmu ce ta wajen uba, a Rurum. A shekarun da rediyo ba shi da zance sai na Shari'a da zaɓe, ita ko a jikinta, auduga ce siyasarta. In an ci tuwo bayan magariba sai ta ja tabarma kusa da murhu, ta shimfiɗa auduga a kan magurji, ta bi ta da ɗan ƙarfe tana murzawa, angurya na zubewa gefe. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙafafunmu wajen garwashi. Har gobe in na ji hayaƙin kara sai wani barci mai daɗi ya taso mini.

Da ni take fara tsokana. "Maigidana, ka cinye tuwona kana hamma, ko itace ba ka kawo mini ba." Sai an gama yi mini dariya ta ce, "To ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata ta zauna."

Wai akwai wata tsohuwa a sama, gizagizai ne audugarta. Kullum gurza take yi, anguryar da ke faɗowa ita ce ruwan sama. Ana nan sai ƙarfenta ya cinye, ruwa ya ɗauke. Ta sauko ta kan duwatsun Rurum ta sami wani maƙeri, ta ce ya ƙera mata sabo, zagayayye sumul. Maƙerin gwani ne. Ya ƙera, ya buɗe bakin awartakinsa daidai kaurin ƙarfen, ya gwada ta nan, ya juya ya gwada ta can, ko'ina cif. Tsohuwa ta koma sama ta kama aiki. Sai ruwa ya zo da ɗingishi: ya sauka a Fassi ya tsallake Dawaki, ya jiƙa gonar wannan ya bar ta maƙwabcinsa tana ƙuna.

Ta sake saukowa. Maƙeri ya yi rantsuwa, ya ɗauko awartaki ya sake gwadawa a gabanta. Ba ta yi masa musu ba. Ta tsayar da ƙarfen a kan tsininsa, ta murza shi kamar mazari, ta ce ya kawo farcensa kusa. A nan Iya takan rage murya, ta ƙwanƙwasa magurji da yatsa: kas, kas, kas. Ashe doro uku ne a jikin ƙarfen, kowane doro da kwarinsa a ɗaya gefen, shi ya sa kaurin bai canja ba ta ko'ina. Maƙeri ya koma ya gyara, ruwa ya sauka wa kowa.

Na taɓa tambayarta, "Iya, to awartakin ne ya yi ƙarya?"

"Bai yi ba," ta ce. "Kauri aka tambaye shi, kauri ya faɗa. Ta ƙare, ku tashi ku ba ni wuri."

Irin wannan doron na tarar a sandunan Yaya. Ma'auninsa mai baki biyu ne, ta gefe da gefe yake kama ƙarfe, kuma gaskiyarsa ya faɗa. Nawa faifai ne mai juyawa, a tsayar da sanda a tsakiyarsa, wata allura ta riƙa bin jikinta tana nunawa a fuskar agogo. Raina ya ɓaci, na ji tsoro. Na san inda sandar nan za ta: fadamar wani, ta yi ta karkarwa a cikin inji har ta cinye mazauninta tsakiyar rani, tumatir ya bushe yana kallo.

Da aka fito daga sallar azahar na ce, "Yaya, don Allah zo ka ga wani abu." Na ɗora sandarsa, na kunna faifan. Allura ta riƙa tashi tana komawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kai farcen babban yatsansa jikin ƙarfen, ya rufe ido.

"Sau uku," ya ce a hankali. Ya goge hannunsa a jikin riga. "Habu, faɗi abin da ka gani. Kada ka kuskura ka wuce da su don ni."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan maƙeri mai taurin kai ce. Da na fara aiki na ce a kan awo ce. Sai a ranar na lura tsohuwar ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba, ta bar shi ya ji da farcensa. Abin da Iya ba ta faɗa mana ba shi ne yadda maƙerin ya kwana a daren nan, kuma da ma na tambaye ta tana da rai.

Yaya bai kai ƙarshen shekara a masana'antar ba. Yana Rurum yanzu yana noman rani, da inji irin namu. In na je gida yakan ja ni bakin fadama, ya kunna shi, ya ɗora tafin hannunsa a kai yana saurare. Sai ya ce, "Sandar cikin wannan kai ka auna ta, ko?" In ce ni ne. Ya gyaɗa kai, ya saki ruwa cikin kwami.